Wa Zai Cire Malam Yahuza?

A ofishin shirin bunƙasa noman masara da ke bayan kasuwar Makarfi, babu ma'aikacin da ya kai Ɗan Aike biyayya, kuma dalili a fili yake: shi ba mutum ba ne. Wata manhaja ce da hedikwatar shirin da ke Kaduna ta dasa a cikin guruf ɗin da ma'aikata ke hira a waya. Kowace safiya sai ya bi malaman gona ɗaya bayan ɗaya, na Ikara da na Makarfi da na Kudan, ya yi wa kowa tambaya uku. An yi ruwa? An ziyarci manoma? Shuka na lafiya? A ƙarƙashin kowace tambaya akwai maɓalli kore na "eh" da ja na "a'a". Idan kowa ya amsa, sai ya tattara amsoshin ya liƙa a guruf, ya aika Kaduna da kwafi. Ba ya makara, ba ya neman izinin zuwa suna, kuma ba a taɓa jin kakarsa ta rasu karo na biyu ba. Saminu, malamin gona na Malikanchi, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in barci ya sace shi, shi ya raɗa masa sunan, sunan kuwa ya bi shi.

Kiwon Ɗan Aike shi ne aikin Uwaisu. Da can gyaran waya yake yi a ƙarƙashin laima a bakin kasuwa, har ranar da Malam Yahuza, malamin gona na Gazara, ya kawo masa wayarsa da ta faɗa randa. Uwaisu ya tashe ta. Dattijon ya dube shi, ya dubi wayar, ya tafi. Washegari ya dawo ya kama hannunsa har gaban Alhaji Tukur, shugaban ofis, ya ce, "Ga wanda zai riƙe mana aljanin nan da Kaduna ta aiko." Aikin na wucin gadi ne, duk kaka ake sabunta shi ko a ƙi, amma a kansa Uwaisu ya naɗe laima, a kansa ya yi aure, a kansa ya fara sa takalmi sau-ciki. Shi da Alhaji Tukur ne kaɗai admin a guruf, wato masu ikon shigar da mutum ko fitar da shi, kuma su biyun Ɗan Aike ba ya tambayarsu komai.

Farkon damina, ana tsakiyar shuka, Malam Yahuza ya ɗan kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Guruf ya cika da ta'aziyya har wayoyi suka ɗauki zafi. Kowa ya je Gazara, kowa ya yi kuka ko abin da ya yi kama da shi. Na Uwaisu dai na gaske ne. A cikin wannan hidima babu wanda ya lura Ɗan Aike ya yi gum. Tambayoyi yana aikawa, ana danna masa kore yadda aka saba, amma rahoto ko ɗaya bai liƙa ba. Sai da aka yi sadakar bakwai aka watse, sannan Hajiya Mukarrama ta sashen sa ido ta bugo daga Kaduna, tana tambaya ko ofishin Makarfi ya tashi ne ba a sanar da ita ba.

A ranar, kafin la'asar, Uwaisu ya gano ciwon. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai wurin da admin ke shiga ya tambayi Ɗan Aike abin da ya tsayar da shi. Ya shiga, ya tambaya, ya sami amsa layi ɗaya: ana jiran mutum ɗaya, Yahuza, Gazara. Haka masu ƙera shi suka ƙera shi. Ba ya liƙa rahoto sai kowa ya amsa, kuma kowa a wurinsa shi ne duk sunan da ke cikin guruf in ban da admin. Ba a koya masa mutuwa ba.

Maganin ma layi ɗaya ne, a cire lambar Malam. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a guruf ya san abin da ke biyo baya. Rubutu zai fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar hira, kowa ya gani, har da wayar marigayin da ke hannun matarsa: Uwaisu ya cire Malam Yahuza. Yaron da Malam ya ɗauko daga ƙarƙashin laima, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba! Uwaisu ya fice daga wurin admin ɗin. Ya kashe fuskar wayarsa, ya zura ta aljihu, ya ce wa Alhaji Tukur yana kan bincike.

Da ofis ya ji ana bincike, sai kowa ya zama injiniya. Alhaji Tukur, wanda maganinsa ɗaya ne ga kwamfuta da janareto da tsohuwar motarsa, ya ce a kashe a kunna. Aka kashe, aka kunna. Khairiyya mai kula da shiyyar Kudan ta ce data ce ta ƙare. Aka sa data, ta tafi a kallon wa'azi da ƙwallo. Saminu ya rantse sabis ne, ya ce shi a Malikanchi sai ya hau tudu yake samun magana, don haka a ɗaga na'urar intanet sama. Uwaisu, wanda ya san gaskiyar kamar yunwar cikinsa, shi ya rungumi na'urar ya hau tankin ruwa da ita, ya tsaya cikin rana yana juya ta gabas da yamma, mutanen ofis na ƙasa suna ba shi umarni. 'Yan kasuwa suka taru suna kallo. Wani mai sayar da albasa ya tambaya ko jinjirin wata ake dubawa da rana tsaka.

Daga nan aka kafa kwamiti, don a ƙasar nan ko akuya ce ta ɓata sai an kafa kwamiti kafin a leƙa gidan maƙwabci. Kwamitin ya zauna, ya ci masa da miyar taushe, ya gano cewa na'urar tana ɗaukar zafi, ya ba da shawarar a sayi fanka. Aka sayi fanka, aka kafa ta a ofishin shugaba inda ta fi amfani. Da fanka ba ta yi magani ba, aka ɗauko wani injiniya daga Zariya, mai jaka da tabarau. Ya buɗe kwamfuta, ya yi ta gyaɗa kai, ya shiga wurin nan da Uwaisu ya shiga, ya karanta layin nan da Uwaisu ya karanta. Ya ɗago ya tambaya a hankali, wane ne Yahuza na Gazara? Aka ce Allah ya jiƙansa. Injiniya ya ce amin, ya rufe kwamfutarsa, ya ce matsalar daga can sama take, daga Turai, sai an yi haƙuri. Shi ma Bahaushe ne da uwarsa da ubansa, ba a bakinsa za a ji mutuwar sarki ba. Aka sa masa zakara a but ɗin motarsa ya koma.

Hajiya Mukarrama ta sake bugowa, wannan karon ko gaisuwa babu. Ta ce in wata ya ƙare rahoto bai iso ba za a nemo wanda ya san aikin, tunda masu digiri na nan suna yawo da takardu a titunan Kaduna. Alhaji Tukur ya sa wayar a sifika don Uwaisu ya ji da kunnensa.

Uwaisu ya jira mutane suka ragu, ya shiga ofishin shugaba, ya durƙusa gefen tebur ya zayyana komai.

"Au, wannan ne kawai?" in ji Alhaji Tukur, wanda ya saba zolayar Uwaisu da sunan Injiniya. "To cire shi mana, Injiniya."

"Ranka ya daɗe, ai ku ma admin ne."

Alhaji Tukur ya dubi babban yatsansa kamar yau ya fara ganinsa. "Ni da Malam tare muka yi makarantar koyon aikin gona. A kwano ɗaya muka ci. Ka ce in sa hannuna in kore shi? Me zan ce wa 'ya'yansa in mun haɗu a masallacin Juma'a? Kuma ma yatsan nan kwana biyu sanyi ke damunsa."

"Ni kuma shi ya kawo ni, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa ya fi dacewa da kai. Na gida ke yi wa mamaci wanka."

"Wanka daban, kora daban, ranka ya daɗe. Ko a gaya wa Hajiya Mukarrama gaskiya?"

"Yanzu? Bayan kwamiti da fanka da zakara? Ta ce duk wannan lokacin me muke yi?" Alhaji Tukur ya gyara fanka ta fuskance shi sosai. "Ka san yadda za ka yi. Aikinka ne, ba nawa ba."

Uwaisu ya bi duk ƙofar da ya sani. Ya kira kamfanin da ya ƙera Ɗan Aike, wata murya mai sanyi ta ce ai abu ne mai sauƙi, a cire mutumin daga guruf. Ya yi fatan labarin rasuwar ya kai wa Hajiya Mukarrama da kansa, tunda sashen ma'aikata na hedikwata ya sani, har buhun shinkafa ya aiko na ta'aziyya. Ashe sashen ma'aikata a ƙasa yake, sashen sa ido a bene, kuma labari ya fi saurin zuwa Makka daga Makarfi a kan ya hau wannan benen. A taron ma'aikata ya kawo shawarar a buɗe sabon guruf kowa ya koma can. Saminu ya miƙe tsaye, hularsa har tana karkacewa.

"Wato mu sulale ɗaya bayan ɗaya mu bar Malam shi kaɗai a kango? Ai gara korar, ita a gaban idonsa aka yi. Wallahi ba da ni ba!"

Kowa ya ce ba da shi ba. Babu wanda ya tambaya me ya haɗa Malam da shirun Ɗan Aike, kuma a nan Uwaisu ya gane ashe kowa ya san ciwon tun tuni, har da waɗanda suka tsaya a gindin tanki suna ce masa ya ƙara juyawa gabas. Takaici ya hana shi cin abincin rana.

Hanya ɗaya ta rage. In daga wayar Malam aka danna fita, babu sunan wanda zai bayyana. Abin da za a gani kawai shi ne Malam Yahuza ya fita, wanda kuwa babu mai musu a kansa. Uwaisu ya hau babur ya nufi Gazara, masara ta kai gwiwa hagu da dama, hanya duk taɓo. Hajo, matar marigayin, tana takaba, don haka aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, ita tana ciki bayan labule.

"Inna, an wuni lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Uwaisu. Ya mutanen ofis? Ya amarya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Inna."

Sai da gaisuwa ta ƙare ta sake dawowa, sannan ya kewaya, ya kewaya, ya iso ga abin da ya kawo shi.

"Wato so kake in fitar da Malam da hannuna."

"Ba fitarwa ba ce, Inna, dannawa ce kawai."

"Ɗan nan, ni na sa shi a ciki? Ku kuka sa shi. Duk zaman da muka yi da Malam ban taɓa ce masa tashi daga kan tabarma ba, sai yanzu da ba ya iya ba ni amsa? Muryarsa na cikin abin nan. In na idar da sallar asuba nakan danna in ji shi yana yi wa Saminu faɗa a kan taki."

Uwaisu ya buɗe baki zai ce muryar ba za ta goge ba, sai ya fasa. Shi ma yakan saurari faɗan nan in babu kowa a ofis.

"Shi abin naku," in ji Hajo, "me yake nema wurin Malam da ya hana ku sakat?"

"Amsa, Inna. Tambaya uku ce kullum. Ana danna kore ko ja."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To ai ba sai an kori kowa ba."

Labule ya motsa, faifai ya fito ta ƙasa da wayar Malam a kai, har da robar nan da ya ɗaure murfinta da ita. Uwaisu ya san abin ba daidai ba ne. Ya kuma san wata ya kusa ƙarewa, ga amarya a gida. Ya danna kore sau uku, ya kwatanta wa Hajo: in ta ji ƙara da safe, koren nan, sau uku. Ya tura faifan ya koma.

Bai kai wurin babur ba aljihunsa ya fara rawa. Ɗan Aike ya liƙa rahoto, cikakke, tsaf, kuma a ciki ga Yahuza na Gazara: an yi ruwa, an ziyarci manoma, shuka na lafiya. Uwaisu yana ganin alamar mutane sun fara rubutu suna gogewa. Can sai ga saƙon murya daga Saminu, a sanyaye: "Allahu akbar. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Mutum ne mai riƙon aiki." Amin ta yi ta zubowa daga Ikara har Kudan. Alhaji Tukur ya aiko da hoton babban yatsa a ɗage. Da alama sanyin ya ɗan sassauta.

Haka abin ya zama al'ada. Hajo ba ta komawa barci bayan asuba, don haka Malam ne ke fara amsawa kullum, tun sauran ma'aikata ba su nemi silifas ɗinsu ba. In rahoto ya fito sai Saminu ya ja addu'a, a bi shi da amin, sannan a shiga hirar taki da siyasa. Kada ka ce amsoshin masu rai sun fi na mamacin gaskiya. Su ma koren suke dannawa, wani daga kan gado, wani daga gidan biki, wani yana kan layin mai; bambancin kawai su sai hantsi ya dubi ludayi. Hajiya Mukarrama ta koma gaisawa in ta bugo. Alhaji Tukur ya fara kiran Uwaisu Injiniya ba da zolaya ba. Uwaisu ya saki jiki, ya ce a ransa an wuce wurin. Bai san kare aka sayar aka sayi biri ba.

Damina ta naɗe tabarmarta, aka karye masara, rafuka suka fara ja da baya, amma a Gazara ruwa bai ɗauke ba ko na rana ɗaya. Wani mai hangen nesa a hedikwata ya ba da shawarar a duba yiwuwar noman shinkafa a can. Sannan Kaduna ta zaɓi Malam Yahuza gwarzon ma'aikacin shiyya, ta ce sauran su yi koyi da shi. Alhaji Tukur ya sa babbar riga ya je ya karɓo lambar yabon a madadinsa, ya shaida wa taro cewa Malam ba ya iya tafiya yanzu, wanda ba ƙarya ba ne. Aka rataye lambar a bango kusa da fanka.

Ruwan nan na Gazara ya hana Uwaisu sukuni, ya sake hawa babur. Hajo ta fita takaba. Ya same ta a tsakar gida tana ɓare masara, wayar na gefenta a kan turmi. Bayan gaisuwa ya roƙe ta, ko tambayar farko ce kawai, ta riƙa danna ja.

"Ja?" ta ce. "Ai Malam bai iya ce wa mutum a'a ba. Ko akuyarsa ka roƙa sai ya ce ɗauka." Ta ci gaba da ɓare masararta. "Allah dai ya yi muku albarka, Uwaisu. 'Yan zaman makoki sun watse, 'yan'uwa kowa ya koma harkarsa, ko a masallacin unguwa an daina ambatonsa. Ku ne ba ku daina ba. Kullum gari ya waye sai na ji ana yi masa addu'a, ni ma in ce amin daga nan. In ba don wannan ba, ban san me zan tashi in yi da safe ba."

Uwaisu ya dawo da ƙullin gyaɗa a bayan babur, maganar ja kuwa bai sake tayar da ita ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Alhamis da hantsi Alhaji Tukur ya tara kowa a ofishinsa, ya ajiye waya a tsakiyar tebur, ya sa ta a sifika. Hajiya Mukarrama ce. Ta ce masu ba da tallafi sun tsuke bakin aljihu, kowane ofis zai rage mutum ɗaya. Don kada a ce an yi son kai, ba sani ba sabo, Ɗan Aike ne alƙali: wanda ya fi kowa ƙarancin rahoto shi zai tafi. Kafin a tashi aiki tana son ta ga guruf ɗin Makarfi ya ragu da suna ɗaya. Ta ƙara da cewa a gaishe mata da Malam Yahuza.

Kowa ya sunkuya kan wayarsa yana duba matsayinsa, kowa ya ɗago da ajiyar zuciya. Malam ne a sama. A can ƙasa mutum biyu ne ba su taɓa aika rahoto ko ɗaya ba, don ba a taɓa tambayarsu ba, wato admin guda biyu. Rashin rahoton shugaba kuwa ba rashi ba ne, shugabanci ne.

Uwaisu ya miƙe tsaye. Ya manta da durƙuso.

"Ranka ya daɗe, suna ɗaya aka ce a rage. A cikinmu akwai wanda ba ya cin abinci, ba ya biyan haya, ba shi da mace mai jiran cefane. Kowa a ɗakin nan ya bi gawarsa."

"Subhanallahi," in ji Saminu, "a riƙa sassauta harshe a kan mamaci."

"Ƙyale shi, gaskiya ya faɗa," in ji Alhaji Tukur. Ya juyo ga Uwaisu, murya a tausashe, kamar uba. "Ni ba na son ka tafi, Injiniya, Allah ya sani. Ga wayarka nan a hannunka, kai ma admin ne. Cire shi. In Kaduna ta tambaya, ni na san abin da zan ce. Zan ce Allah ya yi masa rasuwa, ba sai na faɗi yaushe ba. Suna ɗaya ya ragu, kowa ya riƙe aikinsa. Danna kawai."

Babu wanda ya ce ba da shi ba wannan karon. Khairiyya ta kafa ido a kan silin. Saminu ya shiga gyaran hula. Duk ɗakin so suke ya danna, kuma duk ɗakin sun shirya faɗa a kasuwa gobe cewa su dai ba su suka danna ba.

Uwaisu ya buɗe sunayen 'yan guruf, ya gangara har ya iso. Ga hoton Malam, tsaye cikin masara da malafa, yana murtuke fuska irin ta wanda aka tilasta wa hoto. Ya taɓa sunan, ya fito da wurin da aka rubuta a cire. Maganar mutane ba ta dame shi ba yanzu. Watanni sun wuce, bakin duniya ya sami wasu abubuwan taunawa. Gobe da asuba yake gani. Tsohuwa ta idar da salla, ta jawo waya kusa, ta zauna tana jiran ƙara. Gari ya waye, hantsi ya yi, ba tambaya, ba muryar Saminu, ba amin. Ba ta iya karatun boko ba, sai ta nemi wani ya karanta mata abin da aka rubuta a ƙasan hirar, da sunan wanda ya yi.

Ya yi tunanin amarya, ya yi tunanin haya. Ya ce wa kansa dannawa ce kawai, kamar yadda ya taɓa ce wa Hajo, sai ya ji maganar ba ta shige shi ba, yadda ita ma ba ta shige ta ba. Ya kife wayar a kan tebur.

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

Alhaji Tukur ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya dubi agogon bango, ya ce, "To, Allah ya gani, na ba ka dama." Ya ɗauki tasa wayar. Bai kafa kwamiti ba, bai nemi shawarar kowa ba, ko bisimilla ba a ji ya yi ba.

Uwaisu ya juyo da wayarsa. A ƙasan hirar safiyar nan, bayan rahoton Malam da addu'ar Saminu da jerin amin, ga rubutu ɓaro-ɓaro: Alhaji Tukur ya cire ka.

Ya tsaya yana jira. Bai san me yake jira ba. Wataƙila wani ya miƙe hularsa na karkacewa, ya ce haba, ba a yi haka ba, mutum ne fa. Kujeru suka fara motsi. Khairiyya ta tambaya, ba tare da ta dube shi ba, ko zai nuna mata inda ake kashe na'urar a kunna kafin ya tafi. Saminu ne kaɗai ya zagayo tebur ya dafa kafaɗarsa, idonsa ya yi ja, don shi har ga Allah tausayi yake ji.

"Ka yi haƙuri, Uwaisu," ya ce. "Kai ai kana da rai."